Kujerar Gwamnan Sakkwato: Asalinta da Dokokin da Suka Ɗaure Ta

Duk akawun da ke aiki a ofishin ƙaramar hukuma a Tambuwal ko Kebbe, da duk malamin da ke riƙe da alli a Dogon Daji ko Jabo ko Kuchi, ya san akwai mutum guda a birnin Sakkwato wanda sa hannunsa ke shafar tukunyar gidansa. In ya sa hannu albashi ya fito, in ya jinkirta a ci bashi a kasuwa. In ya yarda a gina aji, in bai yarda ba yara su ci gaba da karatu a gindin dogon yaro. Amma abin mamaki, da yawa daga cikinmu da ke ambaton Gwamna safe da yamma ba mu taɓa buɗe littafin da ya kafa kujerarsa ba, balle mu san inda ikonsa ya fara da inda ya tsaya. Wanda bai san iyakar gonarsa ba kuwa, ba shi da bakin cewa an ci masa iyaka. Sabo da haka na ga ya kamata mu bi asalin wannan kujera, sa'an nan mu duba sharuɗɗan da doka ta gindaya wa mai hawanta.

Kafin zuwan Turawa ba a san wani abu wai shi Gwamna ba a ƙasar nan. Tambuwal ribaɗi ce, watau garin tsaron iyaka, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna yana kare ƙasa daga hare-haren Kabawa, umurni kuwa daga Sarkin Musulmi ya ke fitowa. Ran 15 ga Maris, 1903, sojan Ingila suka ci Sakkwato. Bayan 'yan kwanaki Gwamna Lugga ya iso, ya tara manyan gari, aka naɗa Attahiru na Biyu, ya kuma bayyana musu cewa daga ranar naɗin sarki da tuɓe shi sai da yardar wakilin Sarkin Ingila. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan magana, domin ita ce saiwar da za mu sake cin karo da ita bayan shekara casa'in da uku.

A zamanin En'e hanyar mulki biyu ce tana tafiya kafaɗa da kafaɗa. Talaka na ƙarƙashin mai unguwa, mai unguwa na ƙarƙashin dagaci, dagaci na ƙarƙashin hakimi, hakimi kuwa na kai gaisuwa da haraji ga Sarkin Musulmi. A gefe guda ga Di'o yana rangadi, bisansa Razdan na Lardin Sakkwato, bisan Razdan akwai babban Bature a Kaduna, shi kuma yana amsa wa Gwamnan Ikko. Sunan wannan Bature na Kaduna ya yi ta sakewa, wani lokaci Laftanan Gwamna, wani lokaci Babban Kwamishina, sai a 1954 aka kira shi Gwamnan Jihar Arewa sosai. Wanda ya fara amsa sunan shi ne Sir Bryan Sharwood-Smith, wanda Hausawa suka laƙaba wa Mai Wandon Ƙarfe, ya kuwa taɓa zama Razdan a Sakkwato. Sir Gawain Bell ya gaje shi a 1957, sa'an nan a 1962 aka ba Sir Kashim Ibrahim, Wazirin Barno, tsohon malamin makaranta, ya zama ɗan ƙasa na farko bisa kujerar.

Sai dai kada a ruɗe. Sa'ad da Sir Kashim ya hau, an riga an zare wa kujerar laka. Mulki yana hannun Firimiya, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da ministocinsa, waɗanda suka fito daga cikin Majalisa. Gwamna uban ƙasa ne, yana buɗe Majalisa, yana sa hannu bisa doka, amma kusan kome bisa shawarar Firimiya ya ke yinsa, kamar dai yadda Sarauniya ta ke a Ingila. Mutumin Kebbe a wancan zamani yana iya girma ya tsufa bai taɓa ganin Gwamna ba, bai kuma rasa kome ba, gama alkalinsa da ɗan dokarsa da makarantar ɗansa duk na En'e ne.

Zamanin masu kaki

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, shi ya birkita wannan tsari. Aka kashe Firimiya, aka rufe Majalisa, aka haɗa ikon Gwamna da na Firimiya da na Majalisa duka aka damƙa wa soja guda, Hassan Usman Katsina. Ran 27 ga Mayu, 1967, Janar Gowon ya raba ƙasa jiha 12, Lardin Sakkwato da na Neja suka zama Jihar Arewa Maso Yamma, hedkwata a Sakkwato. Ran nan ne aka haifi kujerar da mu ke magana a kanta, kuma wanda ya fara hawanta ba soja ba ne, babban jami'in 'yan sanda ne, Usman Faruk, ya yi shekara takwas. A zamaninsa aka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuwa ya ƙarasa abin da ya rage. To, kun ga ikon da ya bar fada bai ɓace ba, Gidan Gwamnati ya koma.

Kanar Umaru Mohammed ya karɓa a 1975, yana kai Janar Murtala ya cire Neja ran 3 ga Fabrairu, 1976, aka sami Jihar Sakkwato. Gado Nasko ya biyo baya a 1978, shi ya miƙa wa farar hula. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1983 masu kaki suka komo: Garba Duba, Garba Mohammed, Ahmed Daku, Bashir Magashi, sai ɗan tsakanin farar hula na Malam Yahaya Abdulkarim daga 1992 zuwa 1993, sa'an nan Yakubu Mu'azu, Rasheed Raji da Rufa'i Garba. Cikin waɗannan shekaru gonar Gwamna ta yi ta raguwa. An yanke Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta, 1991, an yanke Zamfara ran 1 ga Oktoba, 1996. Tambuwal da Kebbe, waɗanda dā su ke tsakiyar lardi, sai suka wayi gari a bakin iyaka, Kebbi a yamma da kudu, Zamfara a gabas. (Ina tunasar da malamai su riƙa bambanta wa yara Kebbe, ƙaramar hukumarmu, da Kebbi, jihar maƙwabtanmu, don ko manyan jaridun Kudu suna cuɗa su.)

Gwamnan soja ba shi da doka bisansa sai ta wanda ya aiko shi. Ba wanda ya zaɓe shi, ba Majalisar da za ta tambaye shi, ba ranar saukarsa sai ya ji a rediyo. Abin da ya fi nuna ƙarfin kujerar a wancan zamani shi ne abin da ya faru ran 20 ga Afrilu, 1996, sa'ad da Kanar Yakubu Mu'azu, a mulkin Janar Abacha, ya kira Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki ya shaida masa an tuɓe shi, aka ɗauke shi zuwa Jihar Taraba, aka naɗa Muhammadu Maccido. Wannan ita ce saiwar da Lugga ya dasa a 1903.

Sharuɗɗan hawa

Kujerar Gwamna zaɓaɓɓe mai cikakken iko ta fara ne ran 1 ga Oktoba, 1979, sa'ad da Nijeriya ta bar tsarin Ingila ta ɗauki irin na Amurka, inda shugaban zartaswa ke fitowa daga ƙuri'ar jama'a kai tsaye, ba daga cikin Majalisa ba. Alhaji Shehu Kangiwa na jam'iyyar NPN shi ne na farko a Sakkwato. Allah bai nufa ya cika wa'adinsa ba, ya faɗi daga doki wajen wasan folo a Kaduna cikin Nuwamba 1981, ya rasu, Mataimakinsa Dokta Garba Nadama, masanin tarihin Zamfara, ya hau nan take ba tare da sabon zaɓe ba. Wannan shi ne karo na farko da jama'ar jihar nan suka ga amfanin kujerar Mataimaki, wadda sau da yawa a kan raina.

Tsarin Mulkin 1999, wanda ya kwaikwayi na 1979, ya yi maganar Gwamna tun daga sashe na 176. Sharuɗɗan tsayawa huɗu ne: mutum ya zama haifaffen ɗan Nijeriya, ya cika shekara 35, ya zama ɗan wata jam'iyya wadda ta tsai da shi, ya kuma yi ilmi aƙalla zuwa takardar gama sakandare ko kwatankwacinta. Ko da aka rage shekarun 'yan takara a 2018, na Shugaban Ƙasa daga 40 zuwa 35, na 'yan Majalisar Wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, ba a taɓa na Gwamna ba.

Maganar “kwatankwacinta” ta cancanci malamai su tsaya a kanta. Sashe na 318 ya fassara ta, cikin abubuwan da ya lissafa kuwa har da takardar malanta mai daraja ta biyu, irin wadda kwalejojin horon malamai suka riƙa bayarwa. Ba zancen banza ba ne a wurinmu. Aminu Waziri Tambuwal, wanda aka haifa a Tambuwal ran 10 ga Janairu, 1966, irin wannan takarda ya fara samu a Kwalejin Horon Malamai ta Dogon Daji a 1984, kafin ya karanta shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ya wakilci Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai tun 2003, ya zama Kakakinta daga 2011 zuwa 2015, sa'an nan ya yi Gwamna shekara takwas. Fassarar ma ta sauko ƙasa da haka, har ta karɓi takardar gama firamare in an haɗa ta da aikin shekara goma, da wasu kwasa-kwasai, da iya karatu da rubutu da Turanci gwargwadon gamsar da Hukumar Zaɓe. Akwai masu cewa wannan mataki ya yi ƙasa ƙwarai ga mutumin da zai riƙa naɗa shugabannin jami'o'in jiha. A ganina suna da hujja, amma ba duka ba, domin takarda ba ta hana ɓarna, kuma in aka ɗaga matakin, yankunan da makaranta ta yi jinkirin isa su za a fara rufe wa ƙofa.

Sashe na 182 shi ya jera waɗanda aka hana. Wanda aka zaɓa sau biyu ba shi da na uku. Haka wanda kotu ta tabbatar ya taɓu, da wanda bashi ya karya bai farfaɗo ba, da ɗan ƙungiyar asiri, da wanda ya kai wa Hukumar Zaɓe takardar jabu, da wanda aka ɗaure bisa laifin rashin gaskiya cikin shekara goma da suka gabata. Ga kuma wanda ya shafe mu kai tsaye: ma'aikacin gwamnati, ko na Tarayya ko na jiha, ba shi tsayawa sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. An kuma ƙara wani sharaɗi a 2018, cewa Mataimakin da ya ƙarasa wa'adin wani, sau ɗaya kawai za a iya zaɓensa bayan haka.

Lissafin ƙuri'a da abin da ya faru a Kebbe

Yawan ƙuri'a kaɗai ba ya ba mutum kujera. Sashe na 179 ya ce sai ya fi kowa ƙuri'a, sa'an nan ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka jefa a cikin kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomin jiha. Jihar Sakkwato na da 23. Malamin lissafi zai ce kashi biyu bisa uku na 23 shi ne 15 da sulusi, ba a kuwa raba ƙaramar hukuma uku kamar ƙwaryar goro, don haka wanda ya sami 16 shi ya huta da gardama. Dattawa za su tuna irin wannan lissafi ya taɓa girgiza ƙasa a 1979, sa'ad da aka yi jayayya ko nawa ne kashi biyu bisa uku na jiha 19, har Kotun Ƙoli ta karɓi 12 da sulusi biyu, ta tabbatar wa maƙwabcinmu Alhaji Shehu Shagari, shi ma tsohon malamin makaranta, kujerar Shugaban Ƙasa. Hikimar wannan sharaɗi a fili ta ke. An yi shi ne don kada mutum ya tara ƙuri'un birni da kewaye ya manta da Sangi da Ungushi da Fakku, ya ce ba ya bukatarsu.

Zaɓen 2019 ya nuna wa kowa nauyin ƙauye. Gwamna Tambuwal, wanda ya ci zaɓen 2015 a APC, ya koma PDP a 2018. Mataimakinsa, Ahmed Aliyu, ya ƙi binsa, ya ajiye muƙami, APC ta tsai da shi. Da aka ƙidaya ƙuri'un 9 ga Maris, Tambuwal na gaba da 3,413, amma masu rajista a rumfunan da aka soke sun haura 75,000. Bisa ƙa'idar Hukumar Zaɓe, in tazara ba ta kai yawan masu zaɓen rumfunan da aka soke ba, zaɓe bai kammala ba. Aka sake jefa ƙuri'a a waɗannan rumfuna ran 23 ga Maris, kaso mafi girma daga cikinsu kuwa a Kebbe ya ke, sakamakonta ne jihar duka ta kwana tana jira. Da aka haɗa jimla, Tambuwal ya sami 512,002, Ahmed Aliyu 511,660. Bambanci 342, watau bai kai yawan yaran makarantar firamare guda mai matsakaicin girma ba. Aka je kotu har Kotun Ƙoli, ta tabbatar da zaɓen cikin Janairu 2020. Bayan shekara huɗu wanda ya faɗi da 342 ya ci zaɓe, aka rantsar da shi ran 29 ga Mayu, 2023, wanda ya kayar da shi a dā kuwa ya tafi Majalisar Dattawa yana wakiltar Sakkwato ta Kudu. Malamai da akawuna, waɗanda sau da yawa su a kan ɗauka aikin zaɓe, su lura: rumfa guda da aka bari aka yi wasa da takardunta tana iya sake wanda zai mulki mutum miliyoyi.

Wa'adi da sauka

Wa'adi shekara huɗu ne daga ranar rantsuwa, kafin rantsuwa kuwa sai Gwamna ya bayyana dukiyarsa a rubuce. Babban Jojin Jiha ko Alkalin Alkalai na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a shi ke rantsar da shi. Wannan magana ta “daga ranar rantsuwa” ta taɓa sa jihar nan ta ga Gwamnan riƙo. Alhaji Aliyu Magatakarda Wamakko, wanda ya yi Mataimakin Alhaji Attahiru Bafarawa kafin su raba gari, ya hau ran 29 ga Mayu, 2007. Cikin Afrilu 2008 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓensa, Kakakin Majalisa Abdullahi Balarabe Salame ya riƙe jiha, aka sake zaɓe cikin Mayu, Wamakko ya sake ci, ya sake rantsuwa. To, daga wace rantsuwa za a fara ƙirga? Shi da wasu gwamnoni huɗu, na Adamawa da Bayelsa da Kogi da Kuros Riba, suka ce daga ta biyu. Ran 27 ga Janairu, 2012, Kotun Ƙoli ta ce daga ta farko, wa'adinsu ya ƙare tun Mayun 2011, su sauka. Kakaki ya sake riƙewa, aka yi zaɓe cikin Fabrairu, Wamakko ya komo, ya sauka ran 29 ga Mayu, 2015. An rubuta ƙa'idar cikin sashe na 180, cewa wanda ya sake cin zaɓen da aka soke, lokacin da ya ci a baya yana cikin lissafi.

Tsige Gwamna yana da hanya, amma doguwa ce da gangan. Majalisar Dokokin Sakkwato na da wakilai 30, biyu daga Tambuwal, ɗaya daga Kebbe. Sai sulusinsu, watau 10, sun sa hannu bisa takardar zargi mai bayani dalla-dalla. Kakaki ya isar wa Gwamna da sauran wakilai cikin kwana 7. Cikin kwana 14 sai wakilai 20 sun yarda a bincika. Sa'an nan Babban Joji ya naɗa mutum bakwai amintattu, waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba 'yan Majalisa ba, ba 'yan jam'iyya ba, su saurari ƙara, Gwamna ya kare kansa ko ya kawo lauya, su ba da rahoto cikin wata uku. In sun wanke shi magana ta mutu. In sun same shi da laifi, sai wakilai 20 sun sake amincewa kafin ya sauka. Ba a taɓa tsige Gwamna a Sakkwato ba, amma an yi a Kaduna cikin Yuni 1981, sa'ad da Majalisar da NPN ta rinjaya ta cire Alhaji Balarabe Musa na PRP, wanda ta ƙi amince wa kwamishinoninsa tun hawansa.

In ciwo ne ya kwantar da Gwamna, majalisar zartaswarsa ke fara magana, likitoci biyar su duba shi, ɗaya daga cikinsu likitansa. In tafiya zai yi, ya rubuta wa Kakaki, Mataimaki ya riƙe, in kuma ya yi kwana 21 bai rubuta ba Majalisa na iya ba Mataimaki riƙo da kanta. In Gwamna da Mataimaki duka babu, Kakaki ya riƙe, amma kada ya wuce wata uku ba a yi zaɓe ba.

Abin da ke hannunsa da abin da ba ya hannunsa

Gwamna ke naɗa kwamishinoni, sai dai da amincewar Majalisa, tun gyaran 2023 kuwa wajibi ne ya kai sunayensu cikin kwana 60 da rantsuwa. Shi ke naɗa Sakataren Gwamnati da Shugaban Ma'aikata da manyan sakatarori. Babban Joji ma shi ke naɗawa, amma bisa shawarar Majalisar Alkalai ta Ƙasa. Yana iya yi wa fursuna afuwa kan laifin da ya shafi dokar jiha. In Majalisa ta aiko masa da doka yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kuma wakilai 20 suka sake zartar da ita, ta zama doka ko bai so ba. Ko anini ba shi da ikon fitarwa daga baitulmalin jiha sai bisa kasafin da Majalisa ta amince da shi. Haka takarda ta ce. A aikace kuwa, in jam'iyyar Gwamna ce ta cika Majalisa, sau da yawa kasafi kan shiga da safe ya fito da yamma, kuma kuɗin nan da a ke kira na tsaro, waɗanda Tsarin Mulki bai ambace su da suna ba, ba kasafai a ke jin bayaninsu ba a kowace jiha.

Muddin yana kan kujera ba a kama shi, ba a kai shi ƙara a kan kansa, bisa sashe na 308. Wannan rigar aro ce, ranar sauka a ke tuɓe ta. Kotun Ƙoli ta ce tun 2002 ana iya bincikensa ko yana kan mulki, tsofaffin gwamnonin Filato da Taraba kuwa an ɗaure su a 2018, kafin a yi musu afuwa a 2022.

Ƙasa ma tana hannunsa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukan filayen jiha ga Gwamna a matsayin amana don jama'a. Filayen birni shi ke ba da takardarsu. Na karkara ƙaramar hukuma ke bayarwa, amma in gona ta wuce hekta 500, ko makiyaya ta wuce 5,000, sai da yardarsa, kuma yana iya karɓe fili don amfanin jama'a a biya diyyar abin da ke kansa. Akawun da ke riƙe da fayil ɗin filaye a ƙasar fadama da burtali irin tamu ya kamata ya haddace waɗannan lambobi kamar sunansa. Sarauta ita ma dokar jiha ke tafiyar da ita. Masu zaɓen sarki suna ba da suna, Gwamna ke tabbatarwa, kamar yadda gwamnatin Bafarawa ta sanar da naɗin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar cikin Nuwamba 2006. A 2024 an gyara dokar ƙananan hukumomi ta jihar nan aka fayyace cewa naɗin hakimai da dagatai na Gwamna ne, fada tana ba da shawara, abin da ya jawo muhawara mai zafi har wajen jihar.

Amma akwai babban abu guda da Tsarin Mulkin 1999 bai ba shi ba. Ana kiransa shugaban tsaron jiha, alhali rundunar 'yan sanda da aka tanada guda ce, ta Tarayya. Sashe na 215 ya ce yana iya ba Kwamishinan 'Yan Sanda umurni, amma Kwamishina na iya neman a kai maganar ga Shugaban Ƙasa kafin ya aikata. Soja kuwa ba ya hannunsa sam. Manomin Kebbe da 'yan bindiga suka hana shiga gonarsa ta wajen iyakar Zamfara, Gwamna ya ke kuka da shi, don shi ya zaɓa, shi ya sani. Wannan giɓi ne ya sa Katsina da Zamfara da Sakkwato suka kafa rundunonin 'yan sintiri na jiha tsakanin 2023 da 2024.

Saura maganar da ta fi kusa da aljihunmu. Sashe na 162 ya tanadi asusun haɗin gwiwa, inda rabon ƙananan hukumomi daga Tarayya ke faɗawa kafin ya isa gare su, shekara da shekaru kuwa ta nan gwamnoni suka riƙe wuyan ƙananan hukumomi, wasu ma suka riƙa naɗa kantomomi maimakon a yi zaɓe. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a biya ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ba kuma Gwamnan da ke da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni. Akawuna sun yi murna, da gaskiyarsu. Malaman firamare kuwa murnarsu da saura, gama albashinsu daga wannan rabo a ke cire shi a miƙa wa hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha, tsofaffinsu kuma ba su manta da abin da ya biyo bayan 1991 ba, sa'ad da aka rushe hukumar ilmin firamare ta ƙasa aka mai da biyan malamai hannun ƙananan hukumomi, aka yi ta watanni ba albashi a wurare da yawa, har aka mai da hukumar a 1993. Shi ya sa ƙungiyar malamai ta ƙasa ta daɗe tana neman a cire albashin malamai tun daga tushe kafin a raba sauran. Gwamnatin Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a ƙarshen 2015, wannan kuwa ya nuna Gwamna na iya ɗaukar makaranta a kafaɗarsa in ya ga dama. Amma ganin dama ba doka ba ne, hukuncin kotun kuma bai faɗi wanda zai riƙe albashin malamin Girkau ko na Sanyinna ba, wannan magana tana jiran Majalisar Tarayya da wakilai 30 da ke zaune a Sakkwato.